Kukar Inna a Kwance

Da aka zo rabon gadon kakanmu, maza suka kwashe gonaki, mahaifiyata kuwa aka ba ta kuka. A ƙauyenmu, can tsakanin Jega da Maiyama, wannan ba baƙon abu ba ne. Ƙasa tana da mai ita, itacen da ke tsaye a kanta yana da nasa daban, kuma ko an sayar da gona, itace ba ya bin ciniki sai mai shi ya yarda.

Kukar tana tsakiyar gonar kawuna. Kakata ta ce yadda muka gan ta haka kakarta ta tarar da ita, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. A jikinta akwai ramukan turakun da masu cire zuma suka kafa tun zamanin da ba wanda ya san sunayensu. Daga baya na ji a rediyo ana cewa kuka tana cikin itatuwan da suka fi daɗewa a duniya, wata takan haura shekara dubu. Ban yi mamaki ba, sai dai na ji haushin yadda muka saba da ita har muna ɗaure mata jaki.

Da wannan kuka Inna ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ƙarshen damina a sauko da ganye, ta shanya a inuwa don kada korensa ya tafi, ta daka, ta tankaɗe, a kai kasuwar Jega. 'Ya'yanta mu sha a kunu, ɓawon a tufka igiya. Ko kayan ɗakina da ganyen nan aka haɗa su.

Kawu ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa wani Alhaji, ɗan kasuwar albasa daga Aliero, gonar. Mutum ne mai son a ga fili fes, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ja fangalolin ban-ruwa a miƙe, sai kuka ta tsaya masa a tsakiya. Ya aiko a sayar masa, Inna ta ce a'a. Ya zo da kansa, ta sake cewa a'a cikin ladabi, har ta ba shi garin kuka ya kai wa iyali. Ya karɓa kuwa, mara kunya.

A ranin da ya biyo baya ciwon ƙafa ya kama Inna, na ɗauko ta zuwa gidana a Jega. Abin da Alhaji yake jira ke nan. Ya sa aka tone saiwoyin gefe guda aka sassare, aka ɗaura sarƙa, motar noma ta ja. An ce da ta faɗi har cikin gari aka ji ƙasa ta girgiza.

Da Inna ta koma ta gani, ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta dafa jikin itacen ta tsaya. Ni ce na yi zagin, na mutum biyu, kuma har yau ban janye ko kalma ɗaya ba.

Muka kai ƙara gaban mai gari. Alhaji ya zo da babbar riga, yana murmushin wanda ya riga ya gama lissafi: ya yi laifi, ya amsa, a yanka masa diyya ya biya, a daddatsa itacen a kwashe. Na ga Inna tana shirin cewa ta yafe, don ita haka Allah ya yi ta. Sai na riga ta.

Na ce, “Ranka shi daɗe, tambaya ɗai nika da ita. Iccen ga da yaf faɗi, na wa na?”

Mai gari ya dube ni, ya ce, “Na uwakki na. Tsaye nata na, kwance nata na.”

Na ce, “To ba mu son ko kwabo nai. A bar muna kukarmu inda yak kwantar da ita. Wanda duk yas sa mata gatari, mu dawo nan.”

Murmushin Alhaji ya ɗauke. A tsaye, gindinta kaɗai ta ci masa. A kwance kuwa ta ratsa gonar daga kusa da rijiya har bakin iyaka, ta raba ta biyu, motar noma ba ta iya tsallakewa, ruwa sai an zagaya da shi. Amma ya daure, don a zatonsa damina ɗaya ko biyu za ta ruɓe ta zama ɓawo, kamar yadda matacciyar kuka takan yi.

Inna ta rasu kafin saukar ruwan farko. Ciwon ƙafa ba ya kisa, ni dai na san abin da na sani. Bayan an yi shuka na je gonar, ba don komai ba sai don in tsaya inda ta tsaya. Sai na ga kore. Saiwoyin da ba a sare ba suna nan cikin ƙasa, rassan da ke kallon sama duk sun yi toho. Na zauna a ƙasa na yi kukan da Inna ba ta yi ba, da na gama kuma na yi dariya har masu noma suka ɗago kai.

Tun daga nan kowace shekara nakan je ɗibar ganye da kaina. Yanzu ma ba sai an hau ba, Alhaji ya sauko mana da ita daidai hannu. Nakan tafi da mata, mu bi ta tsakiyar gonarsa, don mai itace yana da hanya zuwa itacensa. Ina sane nake zaɓar ranar da yake nan, in gaishe shi da kyau, in tambayi albasa.

Bara ya zo gidana a Jega. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce yana son ya raba wa 'ya'yansa gonar tun yana raye, kuma ba wanda ke son ɓangaren kuka. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo tuwon dawa da miya. Ya ci, ya yaba.

Ya ce, “Ɗiyata, ki yi ma Allah ki yahe, ki bari a ɗauke ta.”

Na ce, “Alhaji, miyag ga da kac ci, ganyenta na. Wadda za ta yahe maka ta so ta yahe, ni nih hana, kuma ta tahi. Ni ban gaji halinta ba, kukatta nig gada.”

Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. Na raka shi har bakin ƙofa, na faɗa masa abin da ya rage: na riga na tara 'ya'yana mata gaban mai gari na ba su ita, na kuma nuna wa jikata hanyar da ake bi ta cikin albasa.