Maiwar Baba a Bayan Katangar Filin Besbol

Ranar da na fara aiki a tsohon filin besbol na Greensboro, hadari ya haɗo, sai na ga ƙarti sun ruga sun janyo wani ƙaton tamfol suna rufe ƙasa don kada ruwa ya taɓa ta. Na tsaya sororo. Ni da na fito daga ƙauyen da ake juya riguna a fita bayan gari roƙon ruwa, yau ga ni an ce in kama gefen tamfol in ja. Na kama na ja, tunda abin da aka ɗauke ni yi ke nan, amma har na koma ɗaki ina jin kamar na yi saɓo.

Karatun injinan ban ruwa ya kawo ni wannan gari na ƙetare a farkon shekarun tamanin, aikin filin kuwa na lokacin hutu ne. Ba zan ce na taɓa gane wasan sosai ba. Mutum ya jefa ƙwallo, wani ya kai mata duka da kulki, galibi ya kuskure, jama'a kuma su yi ta ihu suna cin gyaɗa. Filin dai ya shiga raina. An gina shi tun bayan yaƙin duniya na farko don tunawa da 'yan garin da suka tafi ba su dawo ba, ga sunayensu nan a jikin tagulla kusa da ƙofofin nan uku masu baka. Simintin ya tsattsage, in an yi ruwa har ɗakin 'yan wasa yoyo yake yi. Duk da haka mutane kan taso daga garuruwa masu nisa don su ɗauki hoto a ƙofar, tsofaffi su nuna wa jikokinsu inda suka zauna suna yara.

Shugabanmu a aikin ciyawa wani dattijo ne baƙar fata, mai yawan tsokana. Shi ya ba ni labarin shekarun da filin ya yi babu ƙungiyar ƙwararru, kafin wasa ya dawo a ƙarshen shekarun saba'in. Shi kuma ya nuna mini lungun da a da irinmu baƙar fata kaɗai ke zama. In ya ga na ɗaga kai ina kallon hadari sai ya ce, "Manomi, ja tamfol, sama ba ta san ka ba."

Lokacin da zan baro gida, Baba ya ɗebi maiwa cikin tafin hannunsa ya sa aka ɗinke mini a fata kamar laya. Irin gidanmu ce, tun kakansa ake ware kawunan da suka fi kyau a rataye a rumbu. Ya ce in riƙe don in riƙa tuna inda na fito. Na jefa ta a ƙasan akwati, na manta da ita.

Sai fari ya sake dawowa can gida, damina biyu a jere. Baba ba ya rubutu, kaset yake aikowa in an sami mai zuwa. Wannan karon wani ɗalibi ɗan wajenmu ya kawo mini. Muryar Baba ta shaƙe, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya lissafa waɗanda suka tafi birni da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ba ya kiran sunana, ni ne ɗan fari. Can ya ce, "Kai yaro, mun ci irin. Yara na kuka, ba yadda za mu yi. Wadda ke hannunka ita ta rage. Ka kula da ita."

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san abin da ake nufi in an ce an ci iri. Na kashe rikodar, na zazzage akwati har na sami fatar.

Shekarunta sun yi yawa a ajiye, in na ƙara jira sai ta mutu a cikin fatar. Ba kuma zan iya kai ta gonar jami'a ba, don irin da ya shigo ƙasar ba a tantance shi ba ƙona shi za a yi. Sai na tuna da bayan katangar filin, inda muke juye ruwan tamfol, wurin da ƙasarsa ba ta bushewa. Na roƙi dattijon. Ya dube ni ya ce, "In an tambaya, ciyawa ce ta fi ƙarfinmu."

Na shuka duka, don na san ba kowace ƙwaya za ta tashi ba. Kaɗan suka tsiro, amma waɗanda suka tsiro sun yi abin mamaki. Maiwar da ta saba da ƙishi ta sami ruwa har ya ishe ta. Kafin tsakiyar kakar wasa ta wuce tsayina, daga baya ta leƙo saman katanga, ana hango ganyenta daga kujerun 'yan kallo. Baƙi suka fara zagayowa suna tambaya ko rake ne. Wata tsohuwa da ke zuwa shafa sunan yayanta a jikin tagullar ta ce in tsaya kusa da shukar ta ɗauke ni hoto. Lokacin kaɗai na ja tamfol da daɗin rai, don na san inda ruwan zai tafi. Har na aika wa Baba kaset ina cika baki, na ce ya gyara rumbu.

Abin da na sani kuma na ƙi tsayawa in yi tunaninsa shi ne, maiwa ba ta fid da kai sai yini ya fara gajarta. A nan kuwa yinin bazara ba ya ƙarewa, ana la'asar kamar ba za a yi magariba ba. Ita tana jiran lokacin gida, garin kuma yana bin nasa. Aka gama wasannin shekara, aka kulle ƙofofi, kujeru suka zama wayam, tana nan sai ganye. Kullum in na taso daga aji sai in biya in matsa saman karan in ji ko ta ɗauki ciki. Ta ɗauka a makare. Kawunan suka fara leƙowa, kore shar, babu ƙwaya ko ɗaya tukuna.

Wata safiya na fito na ga motocin unguwa sun yi fari fat, raɓa ta daskare a kansu. Ban shiga aji ba, na nufi filin da gudu. Na tarar da dattijon ya riga ni, ya janyo wani yankin tsohon tamfol ya lulluɓa mata tun jiya da yamma, shi kaɗai, da ya ji an ce sanyi na tafe. Muka ɗaga tare. Ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar dafaffen rama. Na murza kai ɗaya a tafin hannuna, na murza wani, har na bi su duka. Ƙaiƙayi ne kawai. Dattijon ya cire hularsa, kuma ranar bai ce mini manomi ba.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiyar ba, har yau kuwa da furfura a kaina. Da a fatar na bar ta, wataƙila da ƙwaya biyu sun kai gida. Wataƙila kuma da ba su kai ba. Na juya wannan magana shekara da shekaru, ba ta da gaba ba ta da baya.

Ana cikin hunturu kaset ɗin Baba ya iso, amsar wanda na cika baki a ciki. Muryarsa ta washe, har dariya yake yi. Ya ce ya sake yaɓen rumbu, ya faɗa wa maƙwabtan da suka rage cewa kowa zai sami ɗan abin shukawa. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro. Yaya ruwa a wajenku? Dami nawa ka ɗaure?"

Na sa sabon kaset, na danna, na gaishe shi. Na ce, "Ruwa ya yi gyara, Baba." Daga nan kaset ɗin ya yi ta juyawa har ya kai ƙarshe, ban ƙara cewa komai ba.