Abdussalam, Mai Teku a Baranda

"Anti Lailatu, riƙe ta ƙasa, gindin bokitin nan ya tsage," in ji matarka Hansatu. Ta miƙo mini shi daga cikin gidanku na unguwar Wangsa Maju, a ƙasar da muka zo karatu, ba ta ƙetare dokin ƙofa ba, domin tana takaba. Bokiti na tara ke nan, cike da taɓo da dashen da ka bari.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 27 ga Yuli 2021, korona ta ɗauke ka, Abdussalam Datti, bayan kwana goma sha ɗaya a asibiti. Waɗansu bayin Allah cikin fararen rigunan leda suka yi maka sutura. Mu abokan karatunka muka kalli jana'izarka a waya, hoton yana yankewa.

Mutumin Nguru ne kai, sai da ka shekara talatin da huɗu ka ga teku. Duk da haka da ka zo digiri na uku ka zaɓi bakau, itacen da ke tsirowa cikin taɓon bakin teku, saiwoyinsa a waje kamar ya tattare wando. Na tambaye ka me ya haɗa ɗan tudu da wannan. Ka ce wani tsohon masunci a Kuala Selangor ya nuna maka inda gidan mahaifinsa yake a da. An sare bakau, ruwa ya cinye wurin, ƙananan kifaye da ƙaguwa suka rasa maɓoya. "Na san wannan ciwon," ka ce. "A wajenmu yashi ke cin gona, a nan ruwa ke ci. Maganin ɗaya ne."

Ni kuwa tawa tekun a kwamfuta take, ban taɓa ɓata takalmi ba. Na nuna maka lissafina, cewa yawancin dashen da ake yi don a ɗauki hoto mutuwa yake, saboda ana kafa shi inda bai dace ba. Ba ka yi musu ba. Ka ce, "To, Dakta, ki nuna mini inda ya dace, ni in shiga taɓon." Shekara biyu muna haka, ni da taswira, kai da laka har gwiwa. Ban taɓa ce maka sannu ba.

A watan Mayu ka tsinto 'ya'yan bakau ɗari biyu da goma sha huɗu, dogaye kamar 'ya'yan zogale. Kafin ka dasa aka rufe gari. Wani zai ce ƙaddara, ya zubar. Kai sai ka kai teku gidanku, hawa na sha ɗaya na bene. Ka jera bokitai a baranda, kana dama gishiri a ruwan famfo, har mai kantin unguwa ya tambaye ka ko gidan abinci ka buɗe. Kullum ka cika bokitan, bayan sa'o'i ka tsiyaye, don kada tsiron ya manta da cikar teku da janyewarta. Lokacin ma ba ɗaya ba ne, kowace rana yana matsawa, kana bin kwanan wata kamar mai jiran azumi. Na ce maka wannan ba kimiyya ba ce, reno ne. Ka yi dariya har ka yi tari. Ban kawo komai a raina ba.

Abin da ban sani ba sai jiya shi ne, tun ranar da motar asibiti ta tafi da kai, Hansatu ce ke wannan aiki. Tana fama da nata zazzaɓin, tana ɗaukar ruwa. Kwana arba'in da biyar bayan rasuwarka aka buɗe hanya, ga saiwoyi sun fara fasa bokitai, in ba a dasa a makon nan ba sun tafi. Shi ya kai ni gidanku, in kwashe su in kai bakin teku a dasa.

"Saura ɗari da casa'in," ta ce. "Sauran sun bushe a satin da aka yi rasuwar. Ki yi haƙuri, na manta da su."

Ni take ba haƙuri. Na rasa inda zan sa idona.

Allah Ya jiƙan ka, Abdussalam, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka a ƙasar da ba taka ba. Ya sa kowace saiwa da za ta kama ta zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Ɗelu da ba ta ga kabarinka ba, da 'yan'uwanka a Nguru, da Hansatu da 'yarku Hasna. Allah Ya ba su haƙurin da mu ba mu iya ba su ba.

Da na dawo ɗaukar bokiti na ƙarshe, na tarar ta share barandar. Babu komai sai zanen gishiri a ƙasa, zagaye-zagaye.

"Anti, yau ƙarfe huɗu da rabi ruwa ke cika," ta ce. "Ni kuma in lokacin ya yi, me zan yi?"

Na sunkuya na ɗaga bokitin. Ta ce in gaida hanya, ta tura ƙofar a hankali. Na rungumi bokitin, laka tana zuba a zanena, na nufi lif.