Dattin Jirgin Baba Saje

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka kawo mana aikin jirgin sama a garejinmu na Gumel ba. Shekarar da aka rufe iyakar Maigatari ce, motoci sun rage zirga-zirga, mu masu gyaran jikin mota muna zaune muna korar ƙuda. Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya kuna gardamar wanda fentinsa ya fi sheƙi, ku kasa kunne.

Ga wanda bai san tsarin gareji ba, Maigida Haladu ne ke karɓar aiki ya daidaita da mai kaya. Ɗanjuma ke walda da bugun kwano, Isuhu ke harkar waya da fitilu. Ni Sabo ni ne na ƙarshe, mai feshin fenti. Abin da na taɓa ba a sake taɓa shi, sai dai a miƙa wa mai shi. Da wannan nake tinƙaho.

Bayan ƙaramar salla wata malamar firamare daga Sule Tankarkar, Malama Rakiya, ta shigo da wani tsohon hoto. Saurayi ne cikin kaki, tsaye kusa da jirgin yaƙi mai jefa bama-bamai. Ta ce mahaifinta ne, Baba Saje, wanda ya yi aikin sojan sama a matsayin makaniki. Yanzu tsufa ya kawo masa mantuwa, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Kullum da safe sai ya sa takalmi ya fita, wai ya makara zuwa wurin jirginsa. Ranar nan wasu makiyaya ne suka tsinto shi ya doshi iyaka.

"Yayyena sun ce a sa wa ɗakinsa kwaɗo," in ji ta. "Na roƙi su ba ni zuwa babbar salla. Ku ƙera min jirgin nan, babba, in ajiye masa a tsakar gida, ko zai zauna."

Maigida ya ce, "Malama, mu fa mota muka sani."

Ta ce, "Shi ma kwano ne da fenti."

Haka muka karɓa, ba wanda ya san ta ina za a fara. Ɗanjuma ya haɗa ƙashin jirgin da siririn rodi, ya lulluɓe da farin kwano, faɗin fukafukan ya ɗara tsawon gadon kwana. Tayoyin keken yara muka sa masa. Isuhu kuwa ya cika shi da fitilu masu walwali irin na adaidaita, sai da Malama ta duba a wayarta ta nuna masa cewa ja ce a fiffiken hagu, koriya a na dama, fara a jela. Ya cire nasa yana ƙunƙuni, ya haɗa ukun da baturi da ɗan allon sola. Sannan aka miƙo min. Na goge da sanfefa, na yi shafen farko, na fesa fenti ruwan toka hawa bisa hawa har kana ganin haƙoranka a jikinsa. Wallahi na ji daɗin kaina.

Muka ɗora a akori-kura sai Sule Tankarkar. Baba Saje yana kan tabarma a gindin darbejiya. Ya tashi ya zagaya jirgin, ya shafa bayan injin da yatsa, ya dubi yatsan.

"Na wane ne?"

Malama ta ce, "Naka ne, Baba."

"A'a, baiwar Allah. Wannan ai bai taɓa tashi ba."

Ya jawo takalminsa ya nufi ƙofa, sai da aka tare shi. Muka juya za mu tafi. Malama ta biyo mu waje ta ce, "Malam Sabo, ka mayar da shi ka sa masa datti. So nake ya tsufa."

Kaina ya ɗaure tamau. Tun ina yaro ake dukana a kan kada ƙura ta sauka a ɗanyen fenti, yau kuma ana roƙona in zuba ta da hannuna. Na faɗa wa Maigida, ya ce, "Wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Yi mata. Amma in za ku fita da shi ku rufe da tampol, kada a ce daga garejina ya fito."

Da farko taɓo na kwaɓa na watsa masa. Ɗanjuma ya dube shi ya ce wannan ba tsufa ya yi ba, a kwata ya faɗa. Na wanke, na sake gwadawa da baƙin fenti, ya zama kamar akuya mai dabbare-dabbare. Haushi ya kama ni. Ni da ake turo min motocin manya daga Haɗeja, datti ya gagare ni.

Wata rana na je Gagarawa Tasha ganin ƙanwata, na tsaya ina kallon manyan motocin da ke fake. A nan na lura ashe datti ma yana da tsarinsa. Hayaƙi baya yake bi daga bakin salansa. Mai kuwa ƙasa yake gangarowa daga murfin tanki. Fenti kuma inda hannu da ƙafa ke yawan taɓawa yake cinyewa. Na dawo na kankaro baƙin tukunya wurin mai shayi, na kwaɓa da tsohon baƙin mai, na ja shi da tsumma daga bayan injinan. Na ci gefen fukafukan da sanfefa har kwano ya leƙo, na ɗiga jar ƙasa a kan kusoshi. A ƙa'ida, in an gama fenti ana rufe shi da ruwan sheƙi don kada ya goge. Na daɗe ina juya abin, na ga datti mai ƙyalli ai shirme ne, sai na bar shi haka. Na gargaɗi kowa kada ya kuskura ya taɓa.

Ana saura 'yan kwanaki babbar salla muka mayar da shi. Yayyen Malama suna nan, babbansu Musa har ya riga ya kafa maƙalin kwaɗo a ƙofar ɗakin. Muka yaye tampol, Isuhu ya kunna fitilu. Baba Saje ya matso, ya shafa bayan injin kamar wancan karon. Yatsan ya fito baƙi ƙirin.

Nan take tsohon nan ya miƙe ƙyam, muryarsa ta sauya. Ya juyo kaina.

"Kai ka karɓi jirgin nan jiya? Haka ake barin jirgi ya kwana?"

Ban san lokacin da na haɗe ƙafafuna ba. Na ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe."

Ya yi tsaki. Bai ko waiwaya ba ya miƙa hannu baya ya ce, "Rakiya, miƙo min tsumma da kananzir."

Ashe an fi shekara rabon da ya kira ta da sunanta. Ta tafi ta kawo, hawaye na zuba, ta tsuguna kusa da shi ta riƙe masa gwangwanin. Ni kuwa ina tsaye ina kallo yana goge wahalata tas, fiffike bayan fiffike. Na raɗa wa Isuhu, "Na kawo mai tsabta an ƙi, na kawo mai datti ana wankewa. To me ake so?" Ya ce shi ma bai gane ba, amma in yi shiru. Har muka tafi bayan la'asar Baba Saje bai nemi takalminsa ba.

Tun daga nan, duk ranar kasuwar Sule Tankarkar nake zuwa da gwangwanina, in ya tafi masallaci in mayar da dattin. Daga baya na koya wa Malama kwaɓin, ita ke yi. Kowace safiya yana tashi ya yi wa malalatan ma'aikata faɗa, ya kama aiki. Kwaɗon kuwa Musa ya mayar da shi ƙofar turken awaki.

Har yau in kun tambaye ni wanne ne aikina a jirgin nan, fentin ko dattin, ba ni da amsa. Abin da na sani shi ne da na rufe shi da ruwan sheƙi yadda aka koya min, da tsohon nan yana kulle. Na shekara da shekaru ina ɗauka hannuna ne na ƙarshe a kan kaya. Saboda haka kafin ku ɗauki bindigar feshi, ku tambayi mai kaya wane ne zai taɓa abin bayanku, kuma me zai yi da shi.