Malam Tattali da Ƙwan Majigi

A sashen koyar da kasuwanci na jami'ar ba mai kiransa da sunan yanka, kowa Malam Tattali yake cewa. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da tattalin arziki, kuma shi ba a baki kawai yake koyarwa ba. Guntun alli sai ya ƙare tas a yatsunsa. Takarda kuwa ba ya yar da ita sai ya rubuce bayanta. A gida ma uwargidansa kan ce in ka fita daga ɗaki shan ruwa, kafin ka dawo ya kashe fanka.

Da aka saka majigi a babban aji, Malam ya karɓe shi hannu bibbiyu. Sai dai da zarar ya ce wa ɗalibai "mu tsaya nan" kuma sun watse, caraf zai fizge waya daga soket, kada wuta ta tafi a banza.

Cikin zango ɗaya ƙwan majigi uku suka mutu. Malam ya hau dokin zuciya, ya ce sakacin Injiniya ne, dattijon da ke kula da na'urorin sashen. Aka kafa kwamiti, Malam ne shugaba. Ya rubuta rahoto cewa a sallami Injiniya, ya ninke ya sa a aljihu, zai miƙa ranar Alhamis bayan bitar da aka shirya wa malamai kan kula da kayan koyarwa na zamani.

Wadda ta zo ba da bitar tsohuwar ɗalibarsa ce. Ta nuna musu yadda ake goge gilashin majigi da ƙyalle mai taushi, da yadda ake ciro ragar iska a kakkaɓe. Malam yana sahun gaba yana gyaɗa kai, yana satar kallon Injiniya da ke can baya riƙe da sukudireba.

Can ta danna rimot. Hoto ya ɗauke, amma wani abu na ta "fuuu" a ciki.

"Kun ji wannan? Fanka ce ke fifita ƙwan, don ya ɗau zafi sosai. Ku ba ta minti biyu ta yi shiru da kanta. Wanda ya zare waya kafin nan, shi ya kashe ƙwan."

Tirƙashi! Gumi ya karyo wa Malam. Kunya ta kama shi har ya ji takardar aljihunsa ta yi nauyi. Kuma fa a ganinsa ba wanda ya sani, don kullum shi ne na ƙarshen fita aji. Da ya yi gum, shi ke nan.

Sai ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"'Yata, in mutum ya zare don tattalin wuta fa?"

"Ai Malam, kai ka koya mana tattali iri biyu ne," in ji ta. "Akwai na ƙin kashewa, akwai na lallaɓa abu ya daɗe."

Malam ya miƙe, ya juya wajen Injiniya. "Injiniya, ni ne. Duk ukun ni na kashe su."

Aji ya ɗauki dariya. Injiniya ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na sani. Sau biyu ina liƙa takardar gargaɗi a jikin soket ɗin."

"Ina take?"

"Kai ka cire, ka rubuta jadawalin jarrabawa a bayanta."

Aka sake kwashewa da dariya, har da Malam, amma idonsa ya kawo ruwa. Mutumin da yake shirin raba shi da abincinsa ne ya daɗe yana rufa masa asiri.

Ya zaro rahoton daga aljihu. Bai yaga ba, ina! Takarda ce mai kyau. Ya soke gabanta da biro, ya juya bayanta ya rubuta wa shugaban sashe cewa Injiniya ba shi da laifi, mai laifin shi ne wanda ya sa hannu a ƙasa.

Yanzu in lacca ta ƙare za ka ga Malam tsaye ƙarƙashin majigi, hannu a baya, yana jiran fanka ta yi shiru. Wani lokaci Injiniya kan leƙo, su jira tare.