Mai Ƙirga Agwagi a Guzuguzu

Kwana uku ke nan, da an idar da sallar asuba sai in tarar da shi a bakin dam ɗin Guzuguzu, dab da shinkafata. Dogo ne siriri, da malafa da takalmin da bai san laka ba. Yana zaune a 'yar kujera, madubin hangen nesa a ido, yana ƙirga agwagin ruwa yana rubutawa. Wai daga Turai suke zuwa. Ni kuwa ina cikin taɓo har gwiwa, ina kaɗa gwangwani kada su cinye mini shuka.

Mai hannu da laushi haka, na rantse bai taɓa riƙe fartanya ba. Har da shayinsa a fulas!

Yau ya ɗago hannu. "Malam, rage bugun nan mana, baƙi ne, sun sha hanya."

"Baƙinka ne, Alhaji? To kai su gidanka su karya."

Ya yi dariya, ya miƙo mini madubin, na kara a ido. Kai, agwagwar kyakkyawa ce, da farin zane a gira kamar amarya. Shinkafata ce a bakinta.