Baƙon Ladan Ɗan Azumi

Ɗan Azumi, Allah Ya ji ƙansa, ladan ne a wani ƙauye kusa da Korgom, mutum mai tsabta har ta yi yawa. Shi kuwa Allah Ya haɗa da kare.

A shekarar farin nan ta zamanin soja, makiyaya suka tashi kudu da abin da ya rage na shanunsu. Ɗan Azumi ya bi ta kufan rugarsu neman itace, ya tarar da ɗan kwikwiyo, haƙarƙari duk a waje. Ya ɗauko shi cikin tsumma yana ta istigfari.

Kwikwiyo ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa. Ko kaza ce ta dube shi sai ya sunkuyar da kai.

"Malam, rumbun da babu ko zangarniya ka samo wa mai gadi?" in ji matarsa Furera. "Jar dawar taimakon nan mu ma ba ta isarmu."

"Baƙo ne. Gida zan nema mashi."

Ya kai wa Jatau maharbi. Jatau ya buga ƙafa, kwikwiyo ya ɓuya bayan ladan.

"Wannan ai zomo zai kore shi, Malam."

Ya kai wa wani mai garka a ƙauyen gaba, aka karɓa. Sai dai ya manta muryarsa tana kaiwa can. Ya kira asuba, kafin a sallame ga baƙo kwance bayan masallaci da guntun igiya a wuya. Liman ya ja ladan gefe, ya ce jama'a sun fara magana.

Ranar kasuwa Ɗan Azumi ya fita da kwikwiyo, ya haɗu da Hassana, Bafillatana mai sauran awaki, za ta bi danginta kudu. Ta tsuguna, ta tatsi nonon akuya a tafin hannu, ta kau da kai. Can kwikwiyo ya matso ya lasa.

"Ina so, Baffa. Amma yau kada ka kira salla sai mun yi nisa."

Azahar ta yi, ladan yana zaune kamar mai ciwon haƙori. Wani tsoho ya kira, da muryar da ko zaure ba ta wuce ba. La'asar ma haka.

Da ruwa ya dawo makiyaya suka dawo, ban da Hassana. Har Ɗan Azumi ya tsufa, in garke ya zo wucewa sai ya fito bakin hanya, wai shanu yake kallo. Furera dai ta ce ba ta taɓa ganin mai kallon shanu da idonsa yake bin ƙasa-ƙasa, ta bayan garke ba.