Rijiyar Malam Ta Samu Mai Goyon Baya

Jama'a, mi ya sa sai da Malam ya rasu aka goyi bayansa?

Yau ina cikin takaba, sai ga Bube, abokin gardamarsa, yana kira daga zaure: "Hajo, za a gina rijiyar!"

Kafin rasuwarsa, mijina ya miƙe a taron dattawan Ƙofar Marke ya nemar wa unguwa rijiya. Ƙa'idar taron ta Nasara kuwa, ba a karɓar magana sai na biyu ya miƙe ya goyi baya. Kowa ya sunkuyar da kai, har Bube.

Bube ya ce yau a taro akawu ya ce maganar ta bi mai ita. Shi kuwa ya miƙe ya sake kawo ta yana hawaye. Dattawa duk suka miƙe!

Wayyo Malam! Ran da zai cika ya ce mini, "Hajo, adana gugan nan. Na biyu zai tashi."